Kunnuwan Gawayi

A unguwar da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Ƙauran Namoda, kowa ya san Mainasara da maƙwabciyarsa Inna Saude ba sa ga-maciji da juna, kuma kowa ya san a kan kare ne.

Mainasara tsohon ma'aikacin reluwe ne. Shekara ashirin yana zuba wa jirgi gawayi kafin ciwon ƙirji ya koro shi gida, matarsa kuma ta rasu ba su samu haihuwa ba. A cikin tarin gawayin tasha ya tsinci kwikwiyo baƙi wuluk, idonsa ko gama buɗewa bai yi ba. Ya kawo shi gida a aljihu, ya raine shi da madarar gwangwani da cokali, ya sa masa suna Gawayi. Duk mako sai ya yi masa wanka da sabulu, ya zauna yana cire masa kaska ɗaya bayan ɗaya. Ya koya masa zama da kwanciya, ya koya masa kada ya kusanci kwano ko buta. In ya yi fito sau biyu, ko Gawayi yana ina sai ya sheƙo da gudu, manyan kunnuwansa suna faɗi-tashi. Mutanen unguwa suna ganin wannan zubar da girma ne, dattijo da furfura yana hira da kare. Shi kuwa ko a jikinsa, don ba wanda ya taɓa leƙo shi ya tambayi yadda ya kwana.

Inna Saude fura take damawa a ƙofar gida, da ita take ci da kanta. Darni ɗaya ya raba gidajensu, kuma darnin yana da kafa. Wata ranar kasuwa Gawayi ya bi ƙadangare ta kafar, ya ɓullo dab da ƙwaryar nono, ya tsaya ya shinshina. Wani ɗan dako da ke shan fura ya gani, ya ajiye ludayi ya tofar.

Inna Saude ta ƙwala kira: "Mainasara! Hito ka ga aikin ɗanka!"

"Bai taɓa ba, Inna. Shinshinawa ɗai yay yi. Ba ya sa baki ga ƙwarya, ni nak koya mai."

"Kai kak koya mai? To zo ka koya ma mutane su ci gaba da shan hurata!"

Ta zubar da nonon, ta wanke ƙwaryar sau bakwai a idon jama'a, daga baya ma ta fasa ta. Duk a banza. Kafin la'asar labari ya kai tashar mota cewa kare yana lasar furar Saude, kuma wanda ya ji ya ƙara nasa gishiri. Kwana huɗu furarta tana tsami a gabanta. A na biyar ta yafa zane ta nufi zauren mai unguwa Dogo.

Aka kira Mainasara. Don tsabar taurin kai, sai da ya zo da karen, ya ce masa ya kwanta a waje, ya kuwa kwanta. Liman na zaune gefen mai unguwa, shi aka fara tambaya.

"Kare ukku shari'a tab bari a aje," in ji liman. "Na hwarauta, na tsaron bisashe, na tsaron gona. Wanga wane na?"

Mainasara ba shi da gona, ko kaza ba ya kiwo.

"Na hwarauta na, malam."

Inna Saude, da ke durƙushe bakin ƙofa, ta kece da dariya irin ta mugunta.

"Ranka shi daɗe, ku dubi kunnuwa nai! Wane karen hwarauta kunka taɓa gani da kunne? Tun suna ƙanana aka yanke musu. Wanga ko ana iya hura wuta da nashi."

Zaure ya ɗauki dariya, har da liman. Mai unguwa ya ɗaga hannu. Ya ce saura mako uku a fita farautar kaka a dajin da ke hanyar Zurmi, kuma Maitama, shugaban mafarauta, shi zai duba. In ya shaida karen farauta ne, ya zauna. In bai shaida ba, akwai masu sayen karnuka da ke sauka a tasha duk wata, sai a miƙa musu. Kowa ya san abin da suke yi da karen da suka saya.

Tun daga ranar Mainasara bai huta ba. Ya samo fatar zomo ya ɗaura a igiya, kullum da safe yana jan ta a filin bayan layin dogo, yana gudu yana tari, yana ihu, "Kama! Kama shi!" Gawayi ya ɗauka sabon wasa ne. Sai ya bi fatar ya taɓa ta da ƙafa, ya dawo yana kaɗa wutsiya yana jiran a shafa masa kai. Inna Saude ba ta raga masa ba. Da zarar ta ji shigowarsu sai ta ɗaga murya ta bayan darni, wai da kajinta take magana: "Ku ɓoye, ga zakin Ƙaura nan ya dawo!" Mainasara yakan ciji leɓe har ya ji gishirin jini. Ya tsani matar nan, kuma ya san ita ma da za ta samu dama da hannunta za ta ja igiyar karen zuwa tasha.

Da mako biyu suka wuce ba wani ci gaba, sai ya haɗiye girman kai ya je wurin Maitama. Maitama ya zagaya Gawayi, ya matsa cikinsa da yatsan ƙafa, ya yi tsaki.

"Ka ɓata shi da ƙoshi. Karen da ya ƙoshi mi za shi kora? Ka hana mai abinci kwana biyu. Sannan kunnuwan ga. Ba ni shiga daji da shi haka. Ƙaya ta yayyage su, karnukana ma nan za su kama shi."

"Ya girma, Maitama. Yanke kunne yanzu zalunci na."

"To kai shi tasha da kunne nai."

Mainasara ya koma gida yana zagin Maitama da Saude da mai unguwa a zuci. Ya hana karen abinci, shi ma ya kasa ci. A rana ta uku da hantsi Maitama ya zo da aska da toka a ƙunshe. Gawayi na ganinsa ya shige ƙarƙashin rumbun da ba komai a ciki, ya ƙi fitowa. Maitama ya yi ta zungurarsa da sanda, ko motsi.

"Kira shi mana. An ce yana jin kiranka."

Mainasara ya ɗauko kwanon wanka da sabulu ya ajiye tsakar gida, kamar yadda ya saba. Ya tsuguna, ya yi fito sau biyu. Gawayi ya fito yana rarrafe, ya zo ya sa kansa tsakanin gwiwoyin maigidansa. Mainasara ya rungume wuyan, ya matse bakin da hannu biyu, ya kau da kai, Maitama ya sa aska. Kukan da karen ya yi har tasha an ji shi. A bayan darni, taɓaryar Inna Saude ta tsaya na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba da daka.

Ranar farauta aka fita da ganguna da kere da karnuka fiye da talatin. Gawayi ya rame, kunnuwan sun zama guntaye masu ɓawon toka. Ya shige cikin karnukan Maitama, inda suka yi nan yake yi. Wajen azahar wani ya jefi zomo da kere ya karya masa ƙafa. Mainasara ya yi bisimilla ya daka tsawa, "Kama!" Gawayi ya riga kowa. Ya danne zomon, ya tsaya a kansa yana haki, bai ci ko tsoka ba duk da yunwar da ke cikinsa.

Washegari a zauren mai unguwa, Maitama ya ce, "Ya kama, kuma bai ci ba. Karen hwarauta na." Mai unguwa ya ce magana ta ƙare, sai dai a toshe kafar darni. Inna Saude ta miƙe tana karkaɗe zane.

"Allah shi isam min hurata," ta ce, ta fita ba sallama.

Mainasara ya fito yana jin kamar an sauke masa buhun gero daga ka. Ya biya ta wurin mahauta ya sayi ƙashi mai nama sosai. Gawayi yana kwance gindin bishiyar bedi a ƙofar zauren, cikin karnukan Maitama. Mainasara ya tsuguna, ya miƙa ƙashin, ya kai ɗaya hannun zai shafa kan. Karen ya ja da baya, ya yage leɓe, haƙora a waje, yana gurnanin da Mainasara bai taɓa ji daga bakinsa ba.

Maitama ya saɓa sandarsa ya kama hanya, karnukansa suka tashi suka bi shi, Gawayi a tsakiyarsu. Mainasara ya yi fito sau biyu. Ya sake yi, har tari ya sarƙe shi. Mutanen da ke fitowa daga zauren suka tsaya suna kallon dattijo tsugune a rana da ƙashi a hannu.

"Bar wahal da kanka," in ji Maitama, ko juyowa bai yi ba. "Ya san abin da ka biyo bayan kiran nan."