Dunƙulen Laka

Mudi ya tsuguna a bakin zaure, ya yayyafa wa dunƙulen ƙasar da ke hannunsa ruwan buta, sannan ya yi sallama. Ruwa ya ɗauke a garin Ƙarfi tun masara na shirin goyo, ga maƙwabcinsa Malam Maitama kwance, ƙafafu sun kumbura. Roƙonsa ɗaya ne kullum, a ɗebo masa ƙasar gonarsa ya taɓa. Masarar nan ce abincin matarsa Inna idan ta Allah ta kasance.

Tun suna samari suke gardamar noma a bakin iyakar gonakinsu. Mudi ƙone karansa yake yi, gona fes kamar tsakar gida. Maitama kuwa barin kara da taki yake yi su ruɓe. Yakan ce laka marowaciya ce, ta sha ruwa ta hana shuka, ta bushe ta dare, sai an ba ta ta ci take sakin hannu. Mudi ya laƙaba masa sarkin bola.

Maitama ya karɓi dunƙulen, ya murza, ya fasa shi biyu. Cikin a bushe yake ƙamas. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ruwan buta ne wannan, Mudi. Ko ƙarya ba ka iya ba."

Kunya ta rufe Mudi. Ya ce saman gonar duk ya tsattsage, tausayi ne ya sa shi.

"Wa ya ce ka dubi sama? Yaye karan, ka tona har gwiwar hannu."

Mudi ya hau kekensa. Ya wuce tasa gonar bai ko waiga ba, ya san ganyen ya riga ya nannaɗe. A ta Maitama ya yaye ruɓaɓɓen kara, ya tona. Ƙasar baƙa ce, marmashi-marmashi, sanyi har cikin farce, da ƙamshin ruwan farko irin wanda suke shaƙa suna yara. Ya matse, ta dunƙule da kanta. Murna ta cika shi kamar gonarsa ce.

Da ya dawo, tun daga bakin lungu ya hango takalma sun taru a ƙofar zaure, ya jiyo Inna tana salati ƙasa-ƙasa daga cikin gida. Ya jingine keken a bango. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, ba mai sake ce masa bai iya ba.

Har aka fara shimfiɗa tabarmi yana tsaye. Dunƙulen na hannunsa da shatin yatsunsa a jiki, bai bushe ba.