Bangon Ɗakin Hajo

Sagir ya tura yatsansa cikin tsagar bangon, yatsan ya shige gaba ɗaya. Makon jiya ko farce ba ya shiga. Ya ɗaga kai ya dubi azarar rufin, ya ga gara ta cinye bakinta daidai inda ta hau bango.

"Mi kake lalube a ɗakina, angon banza?" in ji kakarsa Hajo daga kan gado, tana jan carbi.

"Hajo, bangon nan ya rabu da harsashinsa. Ruwa ɗaya mai ƙarfi ya ishe shi."

Shekararsa ta biyu ke nan yana karatun duba gine-gine a kwalejin fasaha da ke hanyar Batagarawa. A aji ya sha ganin hotunan irin wannan tsaga mai faɗi daga sama, da hotunan abin da ke biyo bayanta. Bai taɓa zaton zai same ta a gidansu na Ƙofar Guga ba, a saman kan tsohuwar da ta goya shi.

"Kakanka ya gina ɗakin nan da hannunsa," Hajo ta ce. "Nan aka kawo ni, nan ya cika. Ba inda za ni."

Sagir ya fita ya sami kawunsa Babaji a zaure, ya durƙusa ya yi masa bayani. Babaji ya saurara har ƙarshe, sannan ya shafa gemu.

"Na yarda da kai, ɗana. To amma wa zai ɗaga Hajo? Bara da na ce a yi wa ɗakin kwano, sai da ta daina amsa gaisuwata. A bari damina ta wuce."

"Kawu, bangon ba zai jira ba."

Babaji ya buɗe hannuwa kawai.

Bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi duhu. Sagir ya shiga ɗakinsa ya naɗe katifarsa, ya saɓo ta a kafaɗa, ya ratsa tsakar gida mata suna kallonsa. Ya shimfiɗa ta a ɗakin Hajo, a gindin bangon, ƙarƙashin tsagar. Ya kwanta rigingine.

"Kai, mi ke nan?"

"Tarewa na yi. Inda amarya ta kwana, nan ango zai kwana."

"Tashi daga nan! Ba kai ka ce zai faɗi ba?"

"Ke kuma kin ce ba zai faɗi ba."

Iska ta bugo ƙyaure, ƙasa ta zubo daga rufi ta sauka a ƙirjinsa. Sagir bai motsa ba. Hajo ta dubi ƙasar da ke kan rigarsa, ta dubi bangon, ta daɗe tana dubansa. Carbin ya tsaya a hannunta.

Can ta jawo sandarta ta miƙe, gwiwoyinta suna ƙara.

"Babaji!" ta ƙwala kira. "Zo ka kama wa wannan ja'irin gadona, a kai ɗakin matarka Suwaiba."

Sagir ya yi wuf ya tashi ya kama kan gadon. Suna cikin kiciniyar fitar da shi ta ƙofa, yayyafi ya fara sauka, Hajo ta ɗaga sanda daga tsakar gida.

"Ku bi a hankali! Kar wanda ya gogar mini bango."