Wilin da Bai Gama Miƙewa Ba

"Juye gwangwanin duka," in ji Inna, matar Mai Faci. "In ba ya ciki ka haƙura ka tafi. Mutumin nan ba shi da lafiya."

Mai Burodi ya juye. Notuna da ƙananan boris suka watse a simintin rumfar, wasu suka gangara kwata. Ya tona da yatsa, ya miƙe, ya buɗe akwatin katako, ya rufe, ya sake buɗewa. Ga sifana kala-kala, ga guduma, ga famfo. Manyan kaya duk suna nan. Abin da yake nema ɗan ƙarfe ne zagayayye mai tsaga-tsaga a baki, bai fi murfin kwalba ba, wanda ake ɗaure wayoyin wili da shi.

Kekensa na kwance a gefe, ƙafafu sama kamar mushe. Tsoho Mai Faci ya riga ya sassauta wayoyin wilin baya zai miƙar da shi, jiri ya ɗebe shi, aka ɗauke shi zuwa ɗaki. Tun ranar Mai Burodi ke tallar burodi a ka, yana isa shaguna bayan mutane sun gama karyawa. Mai gidan burodin ya faɗa masa gatsal: gobe ko ya zo da keke, ko a ba wani layinsa. Ya kai wilin wurin wani mai gyara a bakin titi, shi kuwa ya kalla sau ɗaya ya ce ba ya karɓar aikin da hannun wani ya fara.

Daga cikin ɗaki aka yi tari.

"Wa ke zubar mini da boris?"

Mai Burodi ya cire takalmi ya shiga. Ɗakin na warin magani da man zafi. Mai Faci na kwance, ya zama ƙashi da fata, amma baƙin giris bai fita daga farcensa ba.

"Gajere, ashe kai ne. Na ce wannan hannun jaki na san shi."

"Sannu, Baba. Ya jiki?"

"Ƙarya kake, ba jiki ka zo dubawa ba. Keke ka zo nema."

Mai Burodi ya sosa ƙeya. Tsohon ya laluba ƙugunsa ya jawo zariyar wando, sai ga ɗan ƙarfen a ɗaure. Duk layin an san shi, ba ya ba da aron kayan aiki. Ko ɗan cikinsa bai taɓa riƙe wannan ba.

"Shigo da keken."

"A ɗakin nan?" Inna ta tare ƙofa. "Malam, likita ya ce ko magana ka rage."

"Likita ya gama nasa aikin. Ni nawa yana waje a kife."

Aka matsar da kujera, aka shigo da keke aka kife shi a gefen gado, Mai Burodi ya mayar da wilin. Tsohon ya kai ƙarfen bakin waya. Hannun ya yi ta rawa, ya kasa saita tsagar, ƙarfen ya faɗi kan bargo. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya tura shi gaba da bayan yatsa, bai ɗago ido ba.

"Ɗauka. Ba aro ba ne, ina kallonka. Duba aljihun rigata, akwai guntun alli. Dafa shi a jikin ƙarfen keke, kusa da gefen wilin, ka juya. Inda ya shafa, nan ya karkato. Ka sassauta wayar wannan gefe, ka ɗaure ta wancan. Kaɗan-kaɗan."

Mai Burodi ya juya. Wilin na tangaɗi kamar mashayi. Ya ɗaure nan, ya sassauta can, yana yi yana leƙen rana ta taga. Aikin ba ya sauri. Da ya ga tsohon ya lumshe ido, sai ya murɗa wata waya da ƙarfi, ya ƙara, ya sake ƙarawa, don a gama.

Tas. Wayar ta tsinke.

"Ka ɗauka ƙullin burodi ne?" Idon tsohon a rufe. "Zare sirdin. Cikin bututun akwai wayoyi a naɗe da tsumma."

"Wayoyi? A kekena?"

"Ni na sa, tun ranar da ka fara kawo shi. Na ga irin lodin da kake masa, na ce wannan wata rana zai tsinka waya a inda babu kowa. Ka yi sa'a ba ta gefen sarƙa ba ce."

Shekara da shekaru yana zaune a kansu bai sani ba. Ya zaro, ya sace iskar taya, ya bare ta da guntun cokalin da tsohon ya nuna masa, ya zura sabuwar waya. Inna ta shigo da ruwa, ta fita, ta dawo, ta tsaya riƙe da kofi.

"Kaɗa su da farce in ji," in ji Mai Faci.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Tin, tin, tin, tum.

"Waccan. Ta yi sako-sako. Ƙara mata. Ya isa, kai, ya isa."

Haka suka yi ta yi har rana ta karkata. Farin alli a gefen wilin ya yi ta raguwa, daga tsawon kamu ya koma tsawon yatsa. Muryar tsohon ma ta yi ta raguwa, har sai Mai Burodi ya kai kunne kusa.

"Saura nan kawai, Baba. Wacce zan taɓa?"

"Bari in ɗan huta. Kar ka taɓa komai."

Mai Burodi ya zauna a ƙasa da ƙarfen a hannu. Ya tashi, ya leƙa waje, ya dawo. Ya juya wilin, alli ya shafa wuri ɗaya. Wayoyi ne a jere a wurin, duk kamarsu ɗaya. Ya kai ƙarfen, ya janye.

Inna ta ajiye kofin. Ta sunkuya ta kira, "Malam." Ta sake kira. Ta dafa ƙirjinsa, ta jima a haka, sannan ta ja bargon sama a hankali, ta rufe masa fuska.

"Fitar da keken nan," ta ce, ba ta juyo ba. "Mutane za su shigo."

Ya miƙa mata ƙarfen. Ta girgiza kai.

Washegari da sassafe ya yi lodi a gidan burodi, mai gidan ya dubi keken ya ƙirga masa kaya. A shagon farko, mai shago ya yi masa gaisuwar rashin Mai Faci, ya karɓi kayansa, sannan ya nuna baya da haɓa.

"Wilinka na taɓa birki. Ka kai a duba maka."

"Na ji."

Ya hau ya taka. Titin babu kowa tukuna, ƙofofi a rufe. Duk zagaye ɗaya, gefen wilin sai ya shafi robar birki, sif, sif, sif, har ya sha kwana.