Motar da Bayanta Ke Zamewa

Dillali ya shafa wata sabuwar mota, ya ce, "Wannan, Likita, ko kan sabulu kika bi da ita ba ta zamewa."

"To, ba ta yi mini ba," in ji Likita. Wasan zamiya da mota take koyo a filin tsere, inda ake shan kwana a karkace, tayoyi na hayaƙi.

Ya sosa ƙeya, ya nuna mata wata tsohuwar mota da kaji ke kwana a ƙarƙashinta. "Tayoyin baya ke tura ta. Kowa ya ɗana sai ya gudu."

Likita ta ɗauke shi a cikinta, ta murza ta zagaye guda. Ya fito yana laluben hularsa, ya ce:

"Kullum ina ba mutane haƙuri a kanta, ashe mai ita ce ba ta zo ba."