Khairat Mai Tsaron Ƙofa

A gidan Hajiya Nazira da ke unguwar Nasiriyya a Riyad akwai maganar da ba a yi. Madina ta daɗe tana aiki a gidan, shara da wanki da guga da girki, amma ba a taɓa tambayarta iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, ba. Ranar da ta fara zuwa, Hajiya ta dube ta, ta dubi 'yarta Khairat da ke riƙe da gefen abayarta, ta ce, "Ni abin da kunnena bai ji ba, ban san shi ba. Kin gane?"

Madina ta sunkuyar da kai ta ce ta gane.

Ba ta da iƙamar. Kafilinta, ubangidan da ya tsaya mata ya kawo ta Riyad, ya sa sunanta cikin waɗanda suka gudu tun kafin ta haihu. Mijinta Jibrin direba ne, aka tare shi a hanya wata rana aka mayar da shi gida, tun yana kira har ya daina. Khairat kuwa a wani ɗaki a bayan kasuwar Batha aka haife ta, babu hukumar da ta san da zuwanta duniya. Shekararta goma sha ɗaya, ba ta taɓa zama a aji ba.

Maigidan, Alhaji Uwais, a ofishin jakadancin ƙasarsu yake aiki. Yana cikin masu zuwa inda ake tsare waɗanda aka kama ba takardu kafin a sa su a jirgi. Mutum irinsa ba zai yiwu a ce ya ajiye irinsu a gidansa ba. Muddin ba a furta ba, zai ci tuwon da Madina ta tuƙa ya yi hamdala. Ranar da aka furta a gabansa, ranar za su bar gidan, kuma bayan gidan nan Madina ba ta da inda za ta dafa. Shi ya sa kullum, kafin ta danna ƙararrawa, sai ta matse hannun yarinyar.

"Bakinki, Khairat."

"Na sani, Umma. Kullum sai kin faɗa."

Wasan ya shigo gidan ne bayan dogon hutu. Rayyan, babban ɗan Hajiya, ya dawo daga tafiya da wani kwali mai nauyi. A ciki akwai taswirar wani birni mai ganuwa, da littafi mai kauri, da 'yan mutum-mutumin roba, da 'ya'yan lido masu fuskoki barkatai. Ba irin lidon da kowa ke tseren shiga gida ba ne. Rayyan ne ke ba da labari, ya ce ga abin da ke faruwa a birnin, sauran kowa ya ɗauki mutum ɗaya ya zama shi, ya faɗi abin da zai yi, sai a jefa ɗan lido a ga ko ya dace. Shi da ƙaninsa Zaid kaɗai ba su isa ba, don haka suka jawo Khairat daga kicin.

Zaid ya ɗauki mai sihiri. Khairat ta daɗe tana juya robobin a hannunta, sannan ta zaɓi wata mace mai farin sulke, da hatimin birnin a jikin garkuwarta. Rayyan ya ce wannan mai tsaron ƙofa ce, ba mai shiga birni sai da yardarta.

Da farko Madina murna ta yi. Yarinyar da take wuni a kan bokiti tana ɓare tafarnuwa, ga ta nan a tsakiyar falo a kan kafet, tana ɗaga murya, 'ya'yan masu gida suna jiran ta yanke shawara. Larabci suke yi suna tsarma Turanci, sai in Hajiya ta tsawata su koma Hausa. A wurin wasan nan Khairat ta koyi haɗa lissafi da ka. Duk mako ba ta da zance sai na Juma'a, ranar da ake shimfiɗa taswira.

Akwai wasu robobi da ba mai zaɓarsu, ƙanana masu launin toka da manyan kunnuwa. Rayyan yana kiransu 'yan rami. Ta ƙarƙashin ganuwa suke shigowa birni, ba su da hatimi, suna zaune a lunguna. Duk wanda ya kama ɗaya ana ƙara masa maki.

Wata rana Madina tana goge tebur, ta ɗauki ɗaya daga cikinsu ta duba. Ba ta saba yi wa yaran gidan tambaya ba, sai da ta yi ta juya maganar a ranta.

"Rayyan, su waɗannan me suka yi?"

"Ba sai sun yi komai ba, Anti. Haka aka halicce su. Littafin ya ce miyagu ne."

"Har jariransu?"

"To ai jariran ma girma za su yi." Ya yi dariya, ya karɓi robar daga hannunta. "Wasa ne fa, Anti Madina. Dole a sami waɗanda za a kama, in ba haka ba me za mu yi?"

Ta ce haka ne, ta ci gaba da gugar tebur.

Juma'ar da abin ya faru, an dawo masallaci an ci abinci. Alhaji Uwais yana kishingiɗe a kujera da kofin shayi, yana duba waya. Hajiya tana gefensa. Madina tana tsaye a wajen teburin cin abinci tana ninke zannuwan gado, babu abin da ya raba ta da falon sai labule a ɗage.

Rayyan ya sauya murya irin ta mai shela. Ya ce sarki ya ba da umarni a share tsohuwar unguwa. An kama 'yan rami kaf, saura wata uwa da ɗanta, sun ɓuya a wani tsohon bene. Wanda ya gano su, shi zai zama sarkin ƙofa.

Zaid ya fara. Ya duba ƙarƙashin gado, ya jefa ɗan lido, ba komai. Ya fasa kabad, ba komai. Ya ce zai cinna wa gidan wuta, Rayyan ya ce gidan na wani attajiri ne, za a ci shi tara.

"Yalla, ba ni," in ji Khairat, ta warce ɗan lidon. "Kai ba ka san komai ba. Wa yake ɓuya a ɗaki? Ɗaki ai nan ake fara dubawa. Ni saman bene zan hau."

"Kin hau," in ji Rayyan. "Rana ta take, ba kowa sai igiyar shanya."

"Zan cire takalmina, in taka a hankali. Zan je bayan tankin ruwa, tsakanin tankin da bango. Ba zan yi ihu ba, tsayawa zan yi shiru. Yaron zai so ya yi tari, uwar za ta toshe masa baki da mayafi. Amma in ka kasa kunne ana jin numfashi."

Hannun Madina ya tsaya a kan zanen. Ta ga Alhaji ya ɗago ido daga wayarsa.

"Khairat," ta kira, muryarta can ƙasa. "Zo ki kama mini zanen nan."

"Ina zuwa, Umma."

"Ƙarya ne!" in ji Zaid. "Bayan tanki da tsakar rana? Ƙarfen zai gasa su kamar kazar shawarma. Ba mai iya zama a wurin. Rayyan, kar ka ba ta, ƙirƙira take yi don ta ci."

Rayyan ya sosa ƙeya. "Zaid yana da gaskiya. Abin da hankali ba zai ɗauka ba, ba na karɓa."

"Khairat, zo nan na ce."

Yarinyar ko waiwayowa ba ta yi ba. Idonta ya kawo ruwa, irin na wanda aka ƙwace wa abu a baki.

"Wallahil azim ana iyawa! Ni da Umma mun yi, ranar da 'yan kame suka shigo layinmu. Tun azahar har aka kira magariba muna wurin. Kai da ko baranda ba ka iya fita sai da esi!" Ta ja hannun rigarta sama. "Ga shi nan, inda bututun ya ƙona ni. Ko uffan ban ce ba. Ƙarya ne wannan?"

Tabon yana nan, dogo, daga gwiwar hannu zuwa kusa da wuyan hannu.



"To ku me ya sa za ku ɓuya?" in ji Zaid.

Rayyan ya ƙura wa littafinsa ido kamar yau ya fara ganinsa. Alhaji Uwais ya ajiye kofin shayi a hankali, ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa. Bai dubi Madina ba.

"Nazira, zo mana."

Suka shige ciki. Khairat ta sauke hannun rigarta, ta girgiza ɗan lidon a tafinta.

"To in jefa?"

"A'a, shi ke nan," in ji Rayyan. "Mun tashi yau."

A kicin Hajiya ta same ta. Madina tana tsaye gaban famfo, ruwa yana zuba, ba abin da take wankewa.

"Na gaya miki, Madina. Tun ranar farko na gaya miki."

"Yarinya ce, Hajiya."

"Yarinya ce, amma a gabansa ta faɗa. Da ni kaɗai ce a falon, wallahi da ban ji ba."

"Ki ce masa labarin wasan ne. Ai duk ƙirƙira suke yi, kowa yana faɗin abin da ya ga dama."

"Ya ga hannun."

Madina ta durƙusa a kan tayil. Ba ta iya roƙo ba, kalmomin ba sa zuwa mata. Ta dai riƙe gefen zanen Hajiya.

"Tashi, don girman Allah tashi, kar ki sa ni kuka," in ji Hajiya, alhali ta riga ta fara. "Ya ce ba zai gaya wa kowa ba. Ya ce shawararsa ki kai kanki da kanki, a mayar da ku gida cikin mutunci."

"Wane gidan, Hajiya? Ita ba ta san ko'ina ba sai nan."

Hajiya ta kau da kai. Ta buɗe firji ta shiga juye ragowar shinkafa da nama a roba, ta ƙara da wasu tsofaffin riguna a leda, tana yi da sauri kamar mai gudun kada a kama ta. Daga tsakar gida Madina ta jiyo Alhaji yana yi wa direba magana: kada ya kai su ƙofar gida, ya sauke su a bakin kasuwa ya juyo.

Suna sa takalmi Rayyan ya fito, ya miƙa wa Khairat macen nan mai farin sulke.

"Riƙe ta."

"A'a, bar ta a saman benen inda na tsaya," in ji Khairat. "Kar Zaid ya taɓa mini. Juma'a zan ƙarasa."

Rayyan ya dubi Madina, ya mayar da hannunsa aljihu, ya koma ciki.

Batha a cike take, kamar kowace yammacin Juma'a. 'Yan Bangaladash da 'yan Sudan da 'yan ƙasarsu Madina sun yi cincirindo a bakin shagunan waya da wuraren aika kuɗi, ƙamshin gasasshiyar kaza ya gauraye da hayaƙin bas. Madina tana tafe da leda a kowane hannu. A mota ta gaya wa yarinyar cewa babu sauran Juma'a, babu sauran Nasiriyya. Sai yanzu Khairat ta tanka.

"Da kin bar ni na jefa. Sai kirana kike yi, kirana kike yi. Saura kaɗan in kama uwar."

Madina ta tsaya cak, har wani mai tura kaya ya kusa bangaje ta.

"Abin da ya dame ki ke nan?"

"Da yanzu ni ce sarkin ƙofa."

"Khairat, ke kin san su wa kike kamawa kuwa?"

"'Yan rami mana. Su ai ba mutane ba ne, Umma. Ba wanda ya ce su shigo. Da sun zauna a garinsu, wa zai taɓa su?"

"Mu fa?"

Yarinyar ta dube ta sama da ƙasa, da abayar da ta koɗe, da ledojin ragowar abinci. Da Larabci ta ba ta amsa, Larabci mai kyau irin na 'yan gari, wanda Madina ba ta taɓa iya lanƙwasa harshenta ta yi ba.

"Ni a nan aka haife ni. Ke ce kika shigo."

Madina ta so ta ce mata haihuwar ba ta ƙara mata komai ba, ranar da aka kama su jirgi ɗaya za a sa su. Ta ga in ta faɗa, ba sauran abin da yarinyar za ta riƙe.

Can gaba taron ya fara motsi. Wata motar jami'ai ta shigo layin a hankali, fitilarta tana juyawa ba jiniya. Masu talla a ƙasa suka fara naɗe tabarminsu. Maza suka riƙa sulalewa cikin lunguna ba tare da gudu ba, kowa yana yi kamar dama can zai bi. Madina ta saki leda ɗaya, ta kai hannu ta kamo na 'yarta.

Khairat ta fizge.

Madina ta ja da baya ita kaɗai, ta raɓe a ƙofar wani shagon barguna, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta tsakanin bargunan da aka rataye tana hango yarinyar a bakin titi, ta miƙe tsaye ƙyam, ta ɗaga haɓa, hannayenta a baya, tana kallon kakin mutanen da ke cikin motar. Motar tana matsowa. Madina ta kira sunanta, amma a hankali ta kira, yadda ba wanda zai ji.