Muryar Inna a Waƙa ta Uku

Ni ba mai jin waƙa ba ne, balle waƙar coci. Gadi nake yi a Doha, in na tashi in koma ɗakinmu a unguwar Mansura in kwanta.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Sagiru direba, abokin ɗakina, ya miƙo min wayarsa.

"Malam Haladu, ba kai mutumin Jos ba ne? Ga wasu Samarin Dutse. Wai Turawa sun tono tsohon faifansu sun sake fitarwa."

Na tashi zaune.

Samarin Dutse maƙwabtanmu ne a Nasarawa Gwom. Kiristoci ne masu jita da gangunan Turawa, suna yi wa Yesu waƙa da ƙara kamar injin niƙa. Ɗakin da suka ɗauki faifan, bango ɗaya ya raba shi da madafar innata, Atine. A waƙa ta uku, inda kiɗa ya lafa, ana jin ta tana ƙwala min kira in zo in ci tuwo. Haka suka bar shi. Unguwa ta daɗe tana min dariya.

Inna ta rasu kafin waya mai ɗaukar murya ta zo hannunmu, kaset ɗina na faifan kuma ya ɓata. Fuskarta ina gani. Muryar ce ta gudu.

"Sa ta ukun," na ce.

"Kai da waƙar coci? Bari liman ya ji."

"Yalla, yi maza ka sa, ka rufe min baki."

Jita ta tashi. Na lumshe ido. Sanyin na'urar sanyaya ɗaki ya koma sanyin Jos bayan ruwa, hayaƙin itace yana ratsa zana, awaki suna kan dutse. Kiɗa ya lafa. Na kasa kunne.

Shiru. Tas.

Sagiru ya duba rubutun ƙasa. "Sun ce an wanke sautin, an cire hayaniya."

"Uwar tawa ce hayaniya?"

Ƙanwata Zalihatu ta samo min lambar Istifanus, mai jitar. Bayan la'asar na kira.

"Haladu mai tuwo!" ya ce. "Har yanzu kana wajen Larabawa?"

"Kun bari an goge Inna."

"Allah ya sani, sai da ya fito na ji. Kada ka kashe."

Na ji ana jan akwati, matarsa tana mitar zai cire mata batirin tocila. Sai ƙarar murfin rikoda. Ya kara wayar jikinta.

Kaset ɗin ya tsufa, jita tana lilo kamar daga ƙasan rijiya. Bangon Mansura ya yi baya. Ina tsaye a ƙofar gida da ƙwallon tsumma, ƙafata duk jar ƙasa. Kiɗa ya lafa. Taɓarya ta bugi turmi, sai murya, siririya, da ɗan faɗa a ciki:

"Haladu! Tuwon nan zai huce fa!"

"Na'am, Inna," na ce.

Istifanus bai yi dariya ba. Da na buɗe ido, Sagiru na durƙushe a gefena, ya kara wayarsa jikin tawa, jan ɗigon ɗaukar murya na ƙiftawa.

"Khalas," ya ce a hankali. "Shi ke nan, muryar ta shiga."

"Maido ta baya," na ce wa Sagiru.