Taken Ɗan Mabel

A Orozo, namiji ba ya cika namiji sai yana da take. Idan damina ta zo ƙarshe aka kira gayyar tara ƙasar doya, maza kan jera da garmunansu, tsoho Yamusa ya rataya gangarsa yana bin bayansu, wanda ya tsaya a kansa ya kaɗa masa nasa. Na Godfrey gajere ne: "Ɗan Mabel, riga rana fita." Da ganga ta faɗi haka, sai uwarsa Mabel ta taso daga gindin ɗorawa da ƙwaryar kunu a kafaɗa, yadda matan garin ke ɗaukar kaya, ta je ƙarshen layinsa ta tsaya. Kallonsa kawai take yi tana murmushi har ya iso.

Shekarar da sojoji suka koma bariki Godfrey ya tsaya kansila, ya kuma ci ba da wata wahala ba. Wa zai ƙi mutumin da guminsa ya zuba a gonar kowa? Yana kansila bai fasa gayya ba. Zai jingine babur ɗinsa, ya tuɓe riga, ya shiga layi, mutane na tsokanarsa wai gwamnati ta zo noma.

Da ya hau kujerar ciyaman ne abin ya fara canzawa. Ranar gayya ta faɗa ranar wani taro a cikin birni, sai ya yi abin da ya ga manya na yi: biki wakili, suna wakili, jana'iza ma wakili. Ya samo wani ɗan ci-rani mai suna Hassan, mai haƙa ramin gini a Gwarinpa, ya ce ya je Orozo ya riƙe masa layinsa. Shekara ta zagayo ya sake aika shi. Ta uku ma bai tuna ba, Hassan da kansa ya tafi. Godfrey kuwa har daɗi yake ji, a ganinsa bai taɓa barin layinsa ya zauna ba kowa ba.

Mabel ta rasu yana ƙasar waje, wai ziyarar ƙaro ilimi. Ya dawo ya yi mata jana'izar da ba a taɓa gani ba a garin, rumfuna, shanu, jerin motoci har bakin titin Karshi. Bayan nan ya wuce Majalisar Wakilai, lokacin da arzikin mai ya cika Abuja, benaye na tsirowa ta ko'ina. Ya gina gida a Gwarinpa, ya yi tumbi. Mawaƙa da lasifika suka taru a kansa, wannan ya ce giwa, wancan ya ce garkuwar talaka, duk wanda ya hau kujerar haka za su faɗa masa. Babu ɗaya da ya san sunan Mabel. A zauren majalisa, ana ta cacar baki kan kasafi, sai ya tsinci yatsunsa suna kaɗa taken a kan tebur. Kewa ce ta kama shi, irin wadda ba a iya gaya wa mataimaka. Abu ɗaya yake so, ya sake jin an kira shi ɗan uwarsa.

Ya aika mota aka ɗauko Yamusa ranar wata liyafa a gidansa. Tsohon ya ci shinkafa ya ƙoshi, ya sha lemo, ganga na gefe. Godfrey ya durƙusa kusa da shi.

"Baba, ko sau ɗaya ne, ka kaɗa mini."

Yamusa ya dube shi daga hula har takalmi. "Oga, ganga ba ta kiran mutum yana tsaye. Sai ka duƙa a kan garma. Ka zo gona."

Haka Godfrey ya zauna jiran ƙarshen damina kamar mai jiran baƙo. Da ƙanwarsa Rosemary ta bugo waya ta ce gayya ta zo kan gonar gidansu, ya sallami direba da ɗan sanda, ya tuƙo kansa da sassafe. Gonakin sun tsuke, katangun masu filaye sun ci rabinsu, amma ɗorawar na nan, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ma na nan. Ya ajiye hula da takalmi a mota ya karɓi garma. Maza suka yi shewa, wani ya ce, "Honarabul, a yi a hankali, kar tumbi ya riga garma sauka!" Ya yi dariya ya duƙa.

Bai tara tuli nawa ba tafin hannunsa ya yi ƙuna, bayansa ya riƙe. Ya daure. Ganga na yawo a bayansu tana kiran wannan, tana kiran wancan. Can sai ya ji takensa. Ɗan Mabel, riga rana fita. Hawaye suka gauraya da gumi, ya kai wa ƙasa sara da ƙarfin da bai san yana da sauransa ba. Sai da ya ɗan jima ya lura sautin daga nesa yake zuwa.

Ya ɗaga kai. Yamusa na can ƙarshen gona, tsaye a bayan wani mutum mai furfura a gemu da ke tara ƙasa kamar yana wasa. Hassan ne. Rosemary kuwa ta taso daga gindin ɗorawa da ƙwarya a kafaɗa, ta nufi layin Hassan ko waiwaye ba ta yi ba.

Godfrey ya yar da garma ya taka har can.

"Baba Yamusa, ga ni nan fa. Na duƙa."

Tsohon ya dakata da kiɗi. "Na gan ka, ɗana. Amma kai ka aiko shi. Ka ce ya riƙe layinka, to layi da take tare suke tafiya. Na kaɗa, mamanka ta taso da kunu, ta duba ba ka nan, sai ta ba wanda ta samu. Shekara da shekaru haka. Da ciwo ya kama ta, shi ya goya ta zuwa asibitin Karshi. Na tambaye ta ko in sa masa wani take, ta ce in bar shi, ko ba komai tana jin sunanta."

Hassan ya matso yana goge hannu a wando, duk kunya ta rufe shi.

"Ranka ya daɗe, aro aka ba ni. In kana so a mayar maka, wallahi ba komai."

Godfrey ya kalli hannun Hassan, duk kanta, ya kalli nasa da ya yi ja. Ya kalli ƙwaryar da ke kafaɗar Rosemary, ya gane ta, ga ɗinkin da Mabel ta yi mata a baki. Ya so ya ce a mayar masa. Ya san kuma idan ya ce, za a mayar, don shi Honarabul ne.

"Sha kununka, Malam Hassan," ya ce.

Ya koma layinsa da ke can baya, ya ɗauki garma, ya tofa yawu a tafin da ya fashe. Kafin ya duƙa ya ɗaga murya.

"Kaɗa masa, Baba. Daga nan ma ina ji."